Daga Dogari Zuwa Kofur: Yadda Mai Tsaron Illela Ya Koma Baƙo

Tun da gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta ware 7 ga Afrilu ta zama Ranar 'Yan Sanda ta Ƙasa, aka kuma fara bikinta a 2025, maganar abin da jama'a za su yi wa iyalan jami'an da suka rasu a bakin aiki ta sake tasowa. A gari irin Illela, duk inda aka tayar da ita sai mutane su rabu biyu. Wasu su ce kamata ya yi 'yan kasuwa da masu hali su riƙa tara wani abu domin marayun. Wasu kuma, musamman direbobi da masu safarar albasa da shanu, su ce sun riga sun biya nasu kason a hanya, shinge bayan shinge, daga Illela har Sakkwato. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma gardamar ba za ta warware ba sai an san yadda aka yi mai gadin gari ya zama mutumin da garin bai san gidan ubansa ba.

Wannan yanki dama tsakiyar hanya ne tsakanin Gobir da Adar da Ƙonni da Kabi. Ayarin gishiri da kanwa na saukowa daga arewa, hatsi da tufafi na haurawa, tsaro kuwa yana hannun sarki da ganuwarsa da madugun ayari. A ƙarshen ƙarni na 19 Muhammadu Maiturare, wanda ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924, ya kafa ribaɗi a Gwadabawa domin toshe wannan kafa ta arewa. Mutanen ribaɗi manoma ne kuma masu gadi a lokaci guda. Wanda ya faɗi a cikinsu, gonarsa tana nan, danginsa suna nan, kuma gari ya san 'ya'yan wa aka bari.

Sai Turawa suka zo da iyaka. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato. A 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni. Sakkwato ta faɗa hannun Ingilishi a watan Maris na 1903, aka sake gyara layin a 1904 da 1906 domin Faransawa su sami hanya mai ruwa zuwa Damagaram, sannan aka bi aka kafa alamun iyaka tsakanin 1906 da 1908. Ƙonni ta tafi can, ƙasar Gwadabawa ta zauna nan, Illela ta zama ƙofa.

Abin da ake yawan mantawa shi ne, a zamanin Turawa 'yan sanda iri biyu ne a Arewa. Akwai na gwamnati, waɗanda asalinsu Legas ne. A 1863 Baturen Ingila John Glover ya tara Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudo, ya ba su bindiga su tsare masa garin Yarbawa. Da gangan aka yi haka, domin baƙo ba ya jin kunyar dukan wanda bai sani ba. Wannan tsari ne ya girma har aka haɗe rundunar Kudu da ta Arewa a 1930 aka sami 'yan sandan Najeriya. Su aikinsu a Arewa ya fi karkata ga unguwannin Turawa da layin dogo da sabon gari. Talakan ƙasar Gwadabawa kan shekara bai ga ko ɗaya ba.

Wanda yake gani shi ne dogari, mai babbar riga ja da kore, wanda Turawa suka tarar a fada suka bar shi a wurinsa. Daga shekarun 1920 aka fara gyara tsarin, aka fito da 'yan gadi, sannan 'yan doka na En'e, aka sa musu kaki, aka riƙa tura wasunsu Kaduna horo. Albashin ɗan doka daga baitulmalin En'e yake fitowa, wato daga harajin da manomi ya biya da jangalin da makiyayi ya biya. A cikin gari yake zaune, cikin gari yake aure. Da kaka akan kai wa gidansa damin gero ba don ya kau da kai daga wani laifi ba, sai don maƙwabci ne da aikin sarki ya hana shi noma sosai. Idan ya wuce gona da iri, akwai wurin kai ƙara tun kafin a je gaban hakimi: ana zuwa wurin mahaifinsa ko surukinsa. Idan ya mutu, matarsa ta yi takaba a ɗakinta, 'ya'yansa su tashi cikin 'yan uwansu. Babu wanda ya kira wannan tallafi ko karramawa, zaman gari ne kawai.

Na san abin da dattawan jam'iyyar adawa ta NEPU za su ce, kuma ba zan musa musu ba. Daga 1950 zuwa faɗuwar Jamhuriya ta Farko, ɗan doka da kotun alƙali da gidan yarin En'e su ne sandar da aka yi ta dukan 'yan adawa da ita. An ɗaure mutane saboda taro, an yi wa wasu bulala saboda waƙa. Wannan ne ya sa bayan juyin mulkin 1966 kwamitin da Yusuf Gobir ya jagoranta ya ba da shawarar a rushe 'yan sandan En'e, gwamnatin Yakubu Gowon ta karɓa, aka fara haɗe su da na tarayya daga 1968 aka kammala a farkon shekarun 1970. An yi maganin cuta ta gaske. Amma a ganina an yi wa jama'a asarar da ba a lissafa ba, domin an tsige mai tsaro daga ƙasar da ta haife shi. Kundin tsarin mulkin 1999, a sashe na 214, ya ƙara ƙulle ƙofar: rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar nan.

Daga nan ne kofur ɗin da ke gadin Illela ya zama mutumin Binuwai ko Kuros Riba ko Borno, wanda takarda ta kawo shi, takarda za ta ɗauke shi. Kafin ya gane wane ne ɗan Araba, wane ne ɗan Kalmalo, wane ne ya tsallako daga Ƙonni cin kasuwar Lahadi, an mayar da shi wani wuri. Na taɓa zuwa gaisuwar wani ƙaramin jami'i da aka kashe a kan hanya. An shimfiɗa tabarma biyu a ƙofar ɗakin da yake haya, abokan aikinsa ne kawai a kai da mai gidan hayar. Matar tana ciki, ba ta jin Hausa sosai, ta riga ta ɗaure tukwane da katifa da igiya domin motar da za ta mayar da su garinsu. Wata tsohuwa maƙwabciya ta shigo da kwanon fura ta ajiye, ta ce, “'Yar nan, Allah shi ba ki haƙuri,” ta fita tana share ido. Iyakar abin da garin ya yi ke nan, ba kuwa don rashin imani ba. Kafin sadakar bakwai sun tafi, ba wanda ya san sunan ƙauyen da za a bi su.

Hukuma ta ga wannan giɓi ta yi ƙoƙarin cike shi da kwamiti. A 1984, zamanin Sufeto Janar Etim Inyang, aka kafa kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wanda aka fi sani da PCRC. Mutanen kirki da yawa sun yi aiki a cikinsa, amma duk wanda ya san yadda yake gudana a ƙananan hukumomi ya san inda kuɗin ke tafiya: man motar sintiri, taya, fentin ofis, rijiyar burtsatse. Ofis ake taimaka wa, ba gida ba. Matan jami'ai suna da ƙungiyarsu, POWA, sai dai ƙarfinta yana manyan barikoki na birane. A takarda, dokar fansho ta wajabta inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, kuma kwamishinoni kan miƙa wa magada cak a hedikwata. Amma tsakanin ranar jana'iza da ranar cak akwai watanni, wani lokaci shekaru, na sintiri da fayil. A watan Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda suka fito zanga-zanga a Abuja suna neman a fitar da su daga tsarin fanshon karo-karo na 2004, kamar yadda aka fitar da sojoji. Wanda ya ga yadda mai rai ya ƙare, ba sai an gaya masa halin da matar mamaci take ciki ba.

Masu ja da ni suna da hujja biyu. Ta farko, cin hanci ne ya kashe ƙauna. Hakika a garin iyaka wannan ciwo ya fi tsanani, domin ga kwastan, ga jami'an shige da fice, ga soja, ga 'yan sanda, kuma direba ba ya bambanta su, duk masu kaki ne. Rufe iyakar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wadda ta biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sun ƙara yawan shingaye, sun kuma mayar da mai buhun shinkafa ɗaya a babur mai laifi. Amma ni ina ganin cin hancin reshe ne, baƙuntar ce saiwa. Mutum ba ya miƙa hannu ga wanda zai haɗu da shi gobe a wurin suna, kuma ba ya jin nauyin wanda ba zai sake gani ba. Hujja ta biyu ita ce talauci, wai jama'a ba su da abin bayarwa. Wannan ba ta karɓu ba a garin da kararsa ke cika manyan motoci da shanu zuwa Kudu kowane mako, garin da ake gina masallatai da makarantun Islamiyya da kuɗin aljihu.

'Yan kwana-kwana kuwa ko gardamar ba a cika sa su ciki ba. Su ma daga cikin 'yan sandan Legas aikinsu ya fito, sai a 1963 aka ba su hukumarsu ta tarayya, jihohi kuma suka kafa nasu. Ba a tuna su sai wuta ta tashi, kamar gobarar da ta cinye babban ɓangare na babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, kuma ko a ranar abin da suka fi samu shi ne zargin sun makara ko sun zo ba ruwa. Ba a tambayar wa ya hana motar gyara, wa ya gina shago a kan hanyar shiga. A Illela haɗarin ya ninka. Lokacin da gwamnati ta hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a Nuwamban 2019, man bai daina zuwa ba, sai dai ya koma jarkoki, jarkokin suka koma zaure da bayan ɗaki. Idan wuta ta kama, masu fara isa su ne 'yan ga-ruwa da kurarsu da samarin unguwa da bokiti da yashi, wasu su hau katanga suna yaye kwanon rufi da hannu domin a yanke mata hanya. Cikin waɗannan akwai masu tabon ƙuna har yau, kuma ba su cikin lissafin kowace hukuma.

Shekarun 'yan bindiga ne suka nuna cewa tsohuwar ɗabi'ar ba ta mutu ba. A farkon Maris na 2021 mutanen ƙauyen Amarawa suka bi sawun masu garkuwa da mutane, aka kashe da dama daga cikin 'yan ƙauyen. A Nuwamban shekarar aka kai hari Kalmalo. Duk lokacin da ɗan banga ya faɗi, gari kan fito ƙwansa da ƙwarƙwatarsa, a yi salla, a kai hatsi gidan, wani ya ɗauki nauyin karatun yaro. Jama'ar da ake cewa ba ta san darajar mai tsaronta ba, ita ce ke yin wannan. Bambancin kawai shi ne ɗan banga ɗan gida ne. Ba ina cewa a sakar wa kowa makami ba. Kisan gillar da wasu 'yan sa-kai suka yi wa Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba ya ƙara rura wutar, har gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta haramta 'yan sa-kan a 2021, kuma ta yi daidai. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Ahmed Aliyu ya ƙaddamar a 2024 ƙoƙari ne na samun ɗan gida mai horo da doka a kansa, wato abin da ɗan doka ya kamata ya zama da siyasa ba ta ɓata shi ba. Bayyanar 'yan bindigar Lakurawa a yankin Tangaza da Gudu ta sa buƙatar irin wannan ɗan gida ta ƙara fitowa fili.

Ana ta muhawarar 'yan sandan jihohi a Abuja, ni kuma ina goyon bayanta matuƙar an ɗaure hannun gwamnoni yadda ba za a maimaita abin da aka yi wa NEPU ba. Amma akwai abin da Illela za ta iya yi ba tare da jiran gyaran tsarin mulki ba. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin tsaron al'umma har matakin ofishin yanki, Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar Sakkwato kuma tana da kwamitoci a gundumomi. A buɗe rajista ɗaya a fadar hakimi, a rubuta sunan duk wanda ya rasu ko ya nakasa yana kare garin, ɗan sanda ne ko ɗan kwana-kwana ko ɗan banga ko ɗan ga-ruwa, Musulmi ko Kirista, tare da sunan garinsu da lambar wayar magajinsa tun kafin motar kaya ta tashi. Abin da ƙungiyoyin kara da na 'yan albasa da na direbobi suka tara, ya bi ta wannan rajista kai tsaye zuwa hannun matar, kada ko sisi ya ratsa ta ofishin 'yan sanda, a kuma karanta lissafinsa a bainar jama'a sau ɗaya a shekara.