Ranar da aka harbe mace ta ƙarshe

1/ Jiya ina tsakiyar karatun jarabawa na ci karo da tarihin beyar mai ruwan ƙasa ta tsaunukan Firenis, tsakanin Faransa da Sifaniya. Karatu ya tsaya cak. Ku matso ku ji.

2/ Shekara da shekaru ana farautarsu ana sa musu guba. Zuwa wajen 1995, biyar ko shida suka rage, duk a ɓangaren yamma.

3/ Sai Faransa ta ɗauko wasu daga Sulobeniya: mata biyu a 1996, da namiji mai suna Pyros a 1997. Amma a tsakiyar tsaunukan aka sake su, ba yamma ba. Ku riƙe wannan.

4/ Ranar 1 ga Nuwamba 2004 wani maharbi ya bindige Cannelle, mace ta ƙarshe 'yar asalin wurin. Ɗa guda ta bari, shi ma namiji. Daga ranar, yamma ta koma unguwar gwauraye zalla.

5/ Za ku ce ai matan tsakiya sai su ƙaraso. Ina! A nan abin ya ɗaure min kai. 'Yar beyar idan ta girma, kusa da uwarta take kafa gida. Namiji ne ke yin nisa, ya ƙetare kwari da tudu. Uban ɗan Cannelle ma, Néré, daga tsakiya ya tako. To idan ka kalli taswira ka ga sawun beyar ko'ina, sai ka ɗauka sun yaɗu, alhali gefe-gefen duk maza ne ke gararamba. Sawu da yawa, haihuwa babu.

6/ A 2006 an ƙaro mata huɗu da namiji ɗaya. A tsakiya kuma dai. Ni a ganina nan aka yi sake.

7/ Sai Oktoban 2018, bayan shekara 14, aka kai mata biyu yamma, Claverina da Sorita. Makiyaya sun tare hanya don fushi, kuma ban ga laifinsu ba, tumakinsu ake ci. Da jirgi mai saukar ungulu aka sauke su.

8/ Ƙidayar 2023 ta samu aƙalla 83. Sai dai yawancinsu jinin Pyros ne, wanda har da 'ya'yansa mata ya haihu.