Keken Lantarki: Na Farauta, Na Aike, da Abin da Ya Kamata Mazaunin Kudu Ya Sani Kafin Ya Saya

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, maganar abin hawa ta zama maganar abinci a unguwanninmu. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen naira 1,000 a Legas kafin ƙarshen 2024. Shi ya sa yanzu ko a Agege, ko a Sabon Ibadan, ko a Ama Hausa ta Owerri, za ka ji matasa suna tambayar keken lantarki. Wasu kuma sun ga bidiyon Turawa suna shiga daji farauta da shi, sai suka ce ai wannan ya yi wa maharbanmu. Ni ɗan mai fataucin shanu ne, aikina zirga-zirga tsakanin gida da kara da wajen mahauta, kuma da irin wannan keke nake yawancin aikena. Ga bayaninsa dalla-dalla.

Mene ne keken lantarki?

Keke ne mai feda kamar wanda muka sani, sai dai an ƙara masa abu uku: inji, batir, da wata ƙaramar na'ura da ke raba wuta tsakaninsu. Wani sai ka taka feda injin yake taya ka. Wani kuma yana da totur kamar babur, ko ba ka taka ba zai tafi. Idan caji ya ƙare, ka koma feda, sai dai za ka ji nauyi, domin yawancinsu sun kai kilo 20 zuwa 35.

Kada a haɗa shi da babur mai lantarki, irin wanda kamfanoni kamar Spiro da MAX suke bai wa 'yan okada. Wancan babur ne sosai, ba shi da feda, kuma hukuncin babur ke kansa.

Ƙasashe sun yi masa iyaka. A Tarayyar Turai, ƙarfin injin wat 250 ne, kuma yana daina taimako idan gudu ya kai kilomita 25 a awa. A Amurka dokar tarayya ta 2002 ta ce kada inji ya kai wat 750, kuma yawancin jihohinsu sun kasa shi aji uku. Aji na ɗaya sai ka taka feda, gudunsa kilomita 32 a awa. Aji na biyu yana da totur, gudunsa ɗaya da na farko. Aji na uku na feda ne, yana kai kilomita 45. A Sin kuwa, inda aka fi ko'ina yawansa, kekunan lantarki sun haura miliyan 300, kuma daga can ne yawancin waɗanda ake sayarwa a kasuwanninmu suke zuwa.

Yadda ake farauta da shi a Amurka

Farauta da keken lantarki al'adar Amurka ce, kuma ba ta daɗe ba. Kamfanoni irin su QuietKat na jihar Kolorado, da Bakcou na jihar Yuta, da Rambo, su suka yi suna wajen ƙera na daji. Alamarsa taya mai kauri, faɗinta inci huɗu ko fiye, don yashi da taɓo da ƙanƙara. Injinsa wat 750 zuwa 1,000, yana ɗaukar nauyin wajen kilo 135, mahayi da kayansa, kuma ana ɗaura masa ƙaramar tirela a baya don jawo nama. Kuɗinsa daga dala dubu biyu har sama da dubu biyar.

Dalili uku ne ya sa maharbansu suke son sa. Na farko shiru: babur ko ƙaramar motar daji tana korar dabba tun daga nesa, shi kuwa wannan sai ƙarar taya. Na biyu wari. Barewa da hanci take tsaron kanta, tana jin hayaƙin fetur, tana jin gumin mutum. Wanda ya taka kilomita biyar da ƙafa zai isa jiƙe sharkaf, ya bar warinsa a duk inda ya taka, wanda ya hau keke kuwa ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Na uku ɗauko nama. Akwai wata babbar barewa a yammacin Amurka da namijinta ke haura kilo 300. Da can sai an yanka ta gunduwa-gunduwa an yi ta jigila a baya.

Amma ko a can ba ko'ina ake shiga da shi ba. A watan Agustan 2019 ma'aikatar cikin gidansu ta ba da umarnin a buɗe masa hanyoyin da keke ke bi a filayen da ke ƙarƙashinta. Hukumar gandun daji kuma ta ce a wajenta abin hawa ne mai inji, sai hanyar da aka yarje wa masu inji. Dazuzzukan da dokar 1964 ta keɓe kuwa, ko keken feda ba ya shiga. Kuma keken na kai mutum wurin farauta ne kawai. Maharbi yana da lasisi, akwai lokacin farauta, akwai adadin dabbar da aka yarje masa.

Shin ya dace da maharbinmu a kudu?

A nan ne nake so 'yan'uwa su tsaya su yi tunani. Ba'amurke yana farauta ne a filinsa, ko filin da ya biya haya, ko filin gwamnati da takarda a aljihu. Mu kuwa baƙi ne a dazuzzukan kudu. Kowane daji yana da garin da ke ganin nasa ne, da maharbansa, da 'yan bangarsa, ga Amotekun a jihohin Yarbawa tun 2020. Ba mu manta da Uromi ta jihar Edo ba, inda a ƙarshen Maris 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan arewa da ke hanyar komawa Kano hutun Sallah, bayan an ga bindigogin toka a motar da suka hau.

To, shirun da ya zama riba a Amurka shi ne haɗari a nan. Baƙon da ya bullo wa manomi a gona ba tare da an ji tahowarsa ba, da bindiga a kafaɗa, ba maharbi za a kira shi ba. Duk wanda zai shiga daji, da keke ko da ƙafa, ya fara samun izinin sarkin garin da shugaban maharbansu, ya sanar da Sarkin Hausawa, ya riƙe takardar bindigarsa da katin ƙungiya, kuma ya fi kyau a ce akwai ɗan gari a tawagar. A sani kuma cewa doka ta haramta farauta kwata-kwata a gandun daji na ƙasa, irin su Old Oyo, da Okomu a Edo, da na Kuros Riba.

Ko ta fuskar aiki ma, dajin kudu kurmi ne. Akwai saiwoyi, da rafuka, da laka mai kama taya da damina, kuma babu inda za ka yi caji. Inda keken zai yi amfani shi ne hanyar gona da ta rani, wajen duba tarko ko ɗauko abin da aka samu. Wanda ke farautar gyazbi da gada don cefane, da wuya naman ya mayar masa da kuɗin keken dala dubu uku.

Inda yake da amfani sosai: aiken yau da kullum

Ribarsa a wajenmu tana cikin gari. Aikena bai wuce karɓo kuɗi wajen mahauta, sayo maganin dabbobi da igiya, kai abinci kara, da cefanen gida ba. Irin wannan tafiya ce ta kilomita uku zuwa goma, kamar daga Sabo zuwa kasuwar Bodija, ko daga cikin Agege zuwa mayankar Oko-Oba. Keke mai kariya mai ƙarfi yana ɗaukar kilo 25 a baya cikin sauƙi. Buhun dusa babba ko cinyar sa kuwa, wannan aikin babur ne ko Keke Napep. Mai sayar da kilishi, mai kai nama gidajen abinci, mai gyaran waya, ɗan makaranta, duk zai yi musu.

Ga lissafin wuta. A jikin kowane batir an rubuta lamba biyu, bolt da amfiya. Ka ninka su. Batir mai bolt 48 da amfiya 14 ya ba da 672, wato bai kai yunit ɗaya na mita ba. Da ɗan abin da caja ke ɓatarwa, a ce yunit 0.8. Ko a layin Band A, da aka sa wa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, cika shi bai wuce naira 180 ba. Wannan cajin zai kai ka kilomita 35 zuwa 60, gwargwadon nauyinka, da tudu, da yadda kake taimakawa da feda. Babur kuwa zai sha wajen lita guda a wannan tafiyar. Cajin yana ɗaukar awa huɗu zuwa shida, don haka wanda unguwarsa ba ta samun wuta sai ya yi lissafin sola ko shagon caji. Idan janareto za ka tayar domin keke kaɗai, ribar ta tafi.

Maganar doka a Legas

Tun 1 ga Yuni, 2022, gwamnatin Legas ta hana okada gaba ɗaya a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland. A Satumbar shekarar aka ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. Kun ga Mile 12 a Kosofe take, Idi-Araba kuma a Mushin. Ma'aikacin da ke kan titi da ido yake hukunci. Idan abin hawanka ba shi da feda, yana da doguwar kujera, ga mutum a baya, okada ne a wajensa, ko da ruwa yake sha. Saboda haka ka zaɓi mai siffar keke, kada ka ɗauki fasinja, kada ka hau babbar hanya ko layin BRT, ka sa hular kwano, kuma rasit ɗin saye ya kasance a jikinka.

Abin dubawa kafin a biya kuɗi

Batir shi ne rabin keken. Na litiyam ya fi sauƙin nauyi, kuma mai kyau yana jure caji sau 500 zuwa 800 kafin ya fara rauni sosai. Na dalma, irin na mota, ya fi araha, amma yana da nauyi kuma yana saurin mutuwa. Ka tambayi kuɗin sabon batir tun kafin ka sayi keken. Idan na hannu ne, kada ka yarda da baki. A cika shi, ka hau ka yi tafiya mai nisa, ka ga yadda cajin ke sauka. Ka nemi wanda ake ciro batirinsa da makulli.

Inji iri biyu ne. Akwai na cikin cibiyar taya, mai araha da sauƙin gyara, ya dace da shimfiɗaɗɗen gari kamar Legas. Akwai na tsakiya, wajen feda, wanda ke aiki da giyar keke. Shi ne gwanin tudu, irin hawan Mokola a Ibadan ko tuddan Inugu da Abekuta, amma ya fi tsada kuma yana cin sarƙa.

Sai birki. Keke mai nauyi da gudu yana buƙatar birkin faranti gaba da baya. Ka duba taya kuma: idan girmanta ba irin wanda ake samu wajen masu faci ba ne, ranar da ta fashe za ka ajiye keke. Mai kauri irin ta farauta tana da kyan gani, amma a kan kwalta cin batir kawai take yi. Daga ƙarshe ka tambayi wanda zai gyara. In babu bakanike da kayan gyara a garinku, ka haƙura.

Ruwa da gobara

Yayyafi ba ya hana shi tafiya, amma ambaliya tana kashe shi. Idan ruwa ya kai cibiyar taya, ka sauka ka nemi wata hanya. Kada ka wanke shi da injin feshin wankin mota. Batirin da ya nutse a ruwa, ko ya kumbura, ko ya fashe a gefe, kada a sake sa shi a wuta.

Gobarar batir ba wasa ba ce. A birnin New York, a 2023 kaɗai, irin wannan batir ya jawo gobara 268, mutum 18 suka rasu. A Fabrairun 2024 mutum 15 suka mutu a wani bene a birnin Nanjing na Sin, kuma wutar ta taso ne daga inda ake ajiye kekunan lantarki. Wutarsa tana tashi cikin daƙiƙoƙi, da hayaƙi mai guba, kuma tana iya sake kamawa bayan an ɗauka ta mutu. Ku dubi yadda muke kwana: mutum shida ko takwas a ɗaki ɗaya, ƙofa ɗaya, wani wurin ma rumfar katako. Don haka a yi caji da rana, ana gani, da cajar da ta zo da keken. Kada a yi a bakin ƙofa, kada a yi kusa da katifa ko jarkar fetur. Idan ka dawo daga tafiya, bar batirin ya huce tukuna, kuma da ya cika a zare. Wutar da ake ɗaukewa a dawo da ita da ƙarfi ma tana lalata caja, gara a sa mata abin kariya.

A taƙaice

Idan tafiyarka ta yini ba ta wuce kilomita 40 ba, kayanka ba su da nauyi, kana da wurin caji da wurin ajiya mai tsaro, keken lantarki zai rage maka kashe kuɗi sosai. Idan kuwa don daji kake so, keken ba shi ne abu na farko ba, izinin masu dajin ne. Allah Ya tsare mu a hanya, Ya sa albarka a nema.