Kuloci da Totur: Yadda Gyara Ya Sauya a Garejojin Gaya da Ajingi

Kusan duk bakaniken da ya koyi aiki a ƙasar Gaya kafin shekarar 1990, a jikin Fijo ya koya. Tun da kamfanin PAN ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, Fijo 504 da akori-kura 404 suka mamaye hanyar Wudil zuwa Gaya, su ne kuma ke kutsawa ƙauyukan Ajingi su kwaso gyaɗa da gero. Garejinmu a lokacin bai wuce inuwar dalbejiya a ƙofar gidan oga ba, da akwatin sifanu, da wata tsohuwar tabarma da ake shimfiɗawa a shiga ƙarƙashin mota.

Kulocin 504 da mai yake aiki. In direba ya taka, famfon sama ya tura man birki ta cikin siririn bututu zuwa famfon ƙasa da ke jikin giyabos, shi kuma ya ture ƙarfen da ke raba faifai da inji. Abin da ke riƙe wannan ƙarfi duka 'yar roba ce. Ranar da ta cinye, sai direba ya zo yana cewa, "Oga, kulocin ya tafi ƙasa, giya ta ƙi shiga." Ba a cewa a sayo sabon famfo. A kwance shi, a wanke, a sa ɗan yatsa a shafa cikinsa a ji ko ya yi zane, a goge da takardar yashi mai laushi, a sa sabuwar roba. Daga nan sai cire iska, wanda shi ne karatun farko na kowane yaron gareji: yaro a kujerar direba, oga a ƙasa da sifana a kan ɗan noti. "Buga! Buga! Riƙe!" Oga ya sassauta, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure, sannan ya ce, "Saki." Yaron da ya ɗaga ƙafa kafin a ɗaure ya mayar da iska ciki, ya kuma sha faɗa. A wannan kujera ƙafar mutum ke koyon bambanta kulocin da ya yi tauri da wanda ke lumewa kamar an taka soso.

Totur bai kai haka wahala ba. Waya ce daga ƙafa zuwa kafireto, da sifirin mai dawo da ita. Ƙurar hunturu ke sa ta cije, sai a zare, a wanke da fetur, a ɗiga mai, a daidaita silo da kunne.

Abin da ya girgiza sana'ar shi ne shirin tattalin arziki na SAP a 1986. Naira ta faɗi, kayan Faransa suka fi ƙarfin direban ƙauye, kayan Taiwan suka cika kasuwar Ƙofar Ruwa. A nan ne aka san bakanike na gaske, domin roba biyu za ka gani iri ɗaya a ido, ɗaya ta shekara, ɗaya ba ta kai Juma'ar kasuwar Wudil ta zagayo ba. A nan ne kuma munanan dabaru suka yaɗu. Direba ya rasa man birki a daji ya zuba ruwan omo, ya iso gida ya manta, famfo ya yi tsatsa. Wani ya zuba baƙin mai, robobi su kumbura gaba ɗaya. Har gobe ina jin zafin wannan, don mai motar da ya yi tsimin kuɗin gwangwani ɗaya shi ne ke dawowa ya biya na famfo biyu.

Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 zirga-zirgar Dutse ta ƙaru, motocin Kwatano kuma suka fara kwararowa. Golf ta zo, yawancinta da kulocin waya, Hiace da na mai, kowace da halinta. Wanda ya tsaya a kan Fijo kaɗai sai ya ga yaransa na komawa gyaran babur.

Yanzu kuwa motoci da yawa famfon ƙasansu a cikin giyabos yake, haɗe da boris. In ya fara yoyo, sai an sauke giyabos ɗungurungum, aikin da a da minti kaɗan ne ya koma na yini, kuma ba a buɗe shi a sa roba, canjawa ake yi. Totur ma ya rabu da waya: na'ura ce a ƙafa ke aika saƙo ga kwamfutar mota, ita ke buɗe bakin iska. Na ga samari suna wanke shi suna tura murfin da yatsa da ƙarfi kamar kafireto, mota ta tashi da silo sama, a rasa dalili. Irin wannan sai an nemi mai na'urar bincike ya sake daidaita ta, sau da yawa kuma sai a Kano.

Ba na ƙin sabon ilimi, yaran da suka iya na'ura sun fi mu sanin waya da lantarki. Damuwata ita ce da yawansu ba su taɓa buɗe famfon sama sun ga cikinsa ba, alhali motocin da ke ɗaukar hatsi daga Ajingi zuwa Dawanau har yau tsofaffi ne, masu su kuma kuɗin roba suke da shi, ba na sabon famfo ba.