Ƙarfen da ke ɓoye a cikin man Benezuwela

Duk lokacin da aka tayar da rigimar man Benezuwela, sai ka ji ana cewa ƙasar ta fi kowa arzikin ɗanyen mai. Haka ne. Sai dai man yankin Orinoko kauri gare shi kamar kwalta, kuma cike yake da ƙarfe, musamman banadiyam da nikel. A rijiyoyin Boskan da ke kusa da Marakaibo, tan ɗaya na mai yana ɗauke da fiye da kilo ɗaya na banadiyam. Ƙarfen nan yana kashe sinadarin da matatu ke tace mai da shi, tokarsa kuma tana cin tukwanen injin.

Ta yaya ƙarfe ya shiga cikin mai? Nan gardamar take. A 1877 Dmitri Mendeleev, masanin Rasha da ya jera sinadarai a jadawali, ya ce mai ba daga halittu ya fito ba, ruwa ne ya gamu da ƙarfe mai gawayi can ƙarƙashin ƙasa. Girman sunansa ya sa maganar ta daɗe, har wasu masana Tarayyar Sobiyet suka sake raya ta a shekarun 1950.

Ni dai ina bayan Alfred Treibs, Bajamushen da ya yi aikinsa a Munich. A 1934 ya ciro wani abu mai jan launi daga mai, wato fofirin, zobe ne na ƙwayoyin sinadari da ƙarfe ke zaune a tsakiyarsa. Zuwa 1936 ya nuna cewa zoben nan gadon koren ganye ne. A jikin tsiro magnesiyam ne a tsakiya, bayan tsiron ya ruɓe ya daɗe a binne sai banadiyam ko nikel ya gaje wurin. Mendeleev hasashe ya kawo, Treibs kuwa ya ɗora hujja a kan tebur.

Wannan zobe ne ya hana masu tace mai sakat. Tun 1911 Frederick Cottrell na Kaliforniya ya sami haƙƙin mallakar dabarar raba ruwa da mai ta hanyar lantarki, kuma har gobe da irin dabararsa ake wanke gishiri daga mai a matatu. Amma gishiri cikin ɗigon ruwa yake, banadiyam kuwa yana ƙulle a zobe, narke cikin man kansa. Dole sai an fasa zoben.

A shekarun 1990 masu bincike na Exxon sun yi rajistar hanyar fasa shi da wutar lantarki. Matsalar ita ce mai ba ya ɗaukar wuta, sai an cuɗa shi da ruwan sinadari, kuma kaurinsa yana liƙe wa sandunan wutar. Shi ya sa matatu suka tsaya kan iskar haidirojin da zafi da matsi, sannan su sayar da sinadarin da ya gaji ga masu ciro banadiyam don ƙarfafa ƙarfen gini.