Mako Biyu na 1936: Yadda 'Ya'yan Leburorin Faransa Suka Fara Ganin Teku

Idan watan Agusta ya kama a birnin Paris, mai gidan burodi kan liƙa takarda a ƙofa cewa ya tafi hutu, sai ƙarshen wata. Ofisoshi su yi tsit, unguwanni su zama kamar an yi shara. Tun daga Mayu hirar mutane ba ta wuce ina za a nufa bana, bakin teku ko kan duwatsu ko gidan kaka a ƙauye. Ka zaunar da dattijon Bafaranshe ka tambaye shi yarintarsa, da wuya ya yi nisa bai ambaci wata tafiyar hutun bazara ba, shi da iyayensa da ƙannensa cunkushe a jirgin ƙasa ko a bayan wata 'yar ƙaramar mota. Baƙo zai ɗauka al'ada ce da aka gada kaka da kakanni, kamar yawon sallah a wurinmu. Alhali abin bai cika shekara ɗari ba, kuma yana da ranar haihuwa: 20 ga Yuni, 1936. A ganina, wannan daɗin tunawa da Faransawa ke ji doka ce ta haife shi, kuma sai da aka yi gumurzu kafin a samu dokar.

Kafin wannan shekara hutu na masu shi ne. Attajirai da jinin sarauta kan yi watanni a garuruwan gaɓar teku irin su Deauville da Biarritz da Nice. Ma'aikatan gwamnati sun samu hutun kwana 15 da albashi tun 1853, zamanin Napoleon na Uku, wasu bankuna da manyan kantuna kuma sukan ba akawunansu 'yan kwanaki. Amma ga leburan masana'anta ƙa'idar ɗaya ce, ranar da ba ka yi aiki ba ranar ba ka da ko sisi. Hatta hutun rana ɗaya a mako sai a 1906 doka ta tabbatar da shi. Daga Paris zuwa teku bai fi tafiyar kilomita 200 ba, ga jirgin ƙasa yana zuwa kullum, amma mutum kan haihu ya tsufa a unguwannin leburori bai taɓa ganin ruwan ba. Abin hawa bai taɓa zama matsalar ba. Tun a 1841 Thomas Cook ya kwashi mutum kusan 500 a jirgin ƙasa daga Leicester zuwa Loughborough a Ingila kan sule ɗaya kowanne, wato an san yadda ake jigilar talakawa da araha kusan ƙarni guda kafin 1936. Abin da lebura ya rasa shi ne kwanakin da zai bar aiki ba tare da tukunyar gidansa ta sauka ba.

A zaɓen da aka kammala ranar 3 ga Mayu, 1936, haɗakar jam'iyyun masu ra'ayin gurguzu da masu sassaucin ra'ayi, wadda ake kira Front Populaire, ta yi nasara. Tun kafin sabon firaminista Léon Blum ya kama aiki a farkon Yuni, yajin aiki ya bazu kamar wutar daji, har a cikin watan Yuni ma'aikata kusan miliyan 2 suka ajiye kayan aiki. Salon yajin ma sabo ne: maimakon su koma gida, sai suka zauna a cikin masana'antun, suna kwana kusa da injuna, iyalansu na miƙo musu abinci ta ƙofa. Masu kamfanoni suka ga babu sarki sai Allah, suka zauna da ƙungiyar ƙwadago ta CGT a fadar firaminista, aka sa hannu kan yarjejeniyar Matignon a daren 7 ga Yuni, wadda ta ƙara albashi ta kuma amince da 'yancin shiga ƙungiya. Cikin kwanaki kaɗan majalisa ta zartar da dokar aikin awa 40 a mako da kuma dokar hutu: duk wanda ya cika shekara ɗaya a wurin aiki yana da kwana 15, 12 daga ciki ranakun aiki, kuma albashinsa na tafiya. Abin lura shi ne batun hutun ba ya cikin alƙawuran da haɗakar ta shiga zaɓe da su. Matsin lambar waɗanda ke kwance a ƙasan masana'antu ne ya shigo da shi, kuma da aka zo ƙuri'a kusan babu ɗan majalisar da ya iya fitowa fili ya ce bai yarda ba.

Blum ya fahimci cewa kwanaki kaɗai ba sa kai mutum ko'ina idan kuɗin mota ya fi ƙarfinsa. Ya naɗa wani matashin lauya, Léo Lagrange, ƙaramin minista mai kula da wasanni da shaƙatawa, muƙamin da 'yan adawa suka yi ta yi wa ba'a suna cewa an buɗe ma'aikatar lalaci. Lagrange ya matsa wa kamfanonin jirgin ƙasa, waɗanda a lokacin yawancinsu na 'yan kasuwa ne, har suka yarda da tikitin hutu mai rangwamen kashi 40 cikin 100. An fara sayar da shi a farkon Agusta, kuma kafin shekarar ta ƙare sama da mutum rabin miliyan sun yanka. Hotunan wannan bazara suna nan har yau. Ga magidanci da hular leburanci a kansa, ya naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa, yana tsaye a bakin ruwa riƙe da hannun yaro, matarsa na gefe da takalma a hannu. Ga kuma mata da miji a kan keke mai sirdi biyu, an ɗaure bargo da tukunya a baya. Babu kayan wanka na musamman a jikinsu, domin ba su taɓa buƙatarsu ba. Wasu jaridun masu hannu da shuni sun yi ta ƙorafin cewa 'yan hula sun zo sun ɓata musu gaɓar teku, kuma wannan ƙorafin kansa shaida ce cewa wani shinge ya faɗi.

Masana tarihi da dama sun ja hankali cewa an kambama labarin 1936, kuma suna da hujja. Rabin miliyan ba komai ba ne a ƙasa mai mutum sama da miliyan 40. Mafi yawan waɗanda suka samu hutun ba su je teku ba. Wasu sun zauna a gida sun yi wa ɗaki fenti, wasu sun gyara 'yar gonar bayan gari, da yawa kuma sun koma ƙauyukan da suka fito suka taya dangi girbi. Gaskiya ne, amma ban ga yadda wannan ya rage darajar dokar ba. Komawa ƙauye da 'ya'ya tafiya ce, kuma wataƙila ita ce mafi amfani. Yaron da aka haifa a Paris ya ga kakarsa, ya ji harshen yankin da ubansa ya baro, ya kwana ɗaki ɗaya da 'ya'yan baffanninsa. Mu da muka san darajar zumunci bai kamata mu raina wannan ba. Sannan al'ada ba ta kafuwa a shekara ɗaya. Mutumin da bai taɓa samun hutu ba sai ya koyi tanadi dominsa, ya san inda zai sauka, ya cire tsoron cewa idan ya dawo zai tarar an maye gurbinsa. A 1937 masu yankan tikitin sun ƙaru ƙwarai, kuma da yaƙi bai katse abin ba da ya ci gaba da hauhawa.

Suka mafi zafi ta zo ne bayan Jamus ta murƙushe Faransa a 1940. Gwamnatin Vichy ta Marshal Pétain ta ɗora laifin faɗuwar a kan son jin daɗi, ta gurfanar da Blum a kotu a garin Riom a 1942 bisa zargin cewa dokokinsa sun sangartar da ma'aikata sun raunana ƙasa. Blum ya kare kansa da ƙarfin hujja har shari'ar ta zama abin kunya ga waɗanda suka shirya ta, aka dakatar da ita ba a yanke hukunci ba. Zargin bai da tushe idan aka dubi ita kanta Jamus ɗin: tun 1933 gwamnatin Nazi ta kafa hukumar Kraft durch Freude mai shirya wa ma'aikata tafiye-tafiye masu rahusa, Italiya ta Mussolini ma tana da irinta tun 1925. Ƙasar da ta ci Faransa da yaƙi ba ta hana ma'aikatanta hutu ba. Bambancin shi ne a can jam'iyya ce ke tsara inda za ka je da abin da za ka ji, a Faransa kuwa an ba mutum kwanakinsa an bar shi ya yi yadda ya ga dama da su. Shi kuma Lagrange, da aka kira ministan lalaci, ya shiga soja da kansa, aka kashe shi a fagen daga a Yunin 1940.

Bayan yaƙi babu gwamnatin da ta yi yunƙurin soke dokar, sai ma ƙari: mako uku a 1956, huɗu a 1969, biyar a 1982 zamanin François Mitterrand. Ƙari biyu na farko sun faɗo ne a shekarun da tattalin arzikin Faransa ya fi bunƙasa a tarihinta. Ƙananan motoci irin su Renault 4CV da Citroën 2CV suka shigo hannun talaka, babbar hanya mai lamba 7 da ta tashi daga Paris zuwa gaɓar Bahar Rum ta zama hanyar hutu, har cunkoson farkon Agustan 1975 ya tilasta wa gwamnati ƙirƙiro tsarin sanar da direbobi ranakun da ya kamata su guje wa hanya. Akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa ba. Leburorin da suka zo daga Maroko da Aljeriya da Tunisiya suka yi aiki a masana'antun mota da gine-gine sun ci moriyar dokar ta hanyarsu. Duk bazara 'yan Marokon cikinsu kan loda iyali a Peugeot 504, irin wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, kaya a kan rufi an lulluɓe da tamfol an ɗaure tam, a ratsa Sifaniya kwana biyu ko uku zuwa tashar Algeciras a hau jirgin ruwa. Ta wannan tafiya ce 'ya'yansu da aka haifa a Turai suka san kakanninsu da garuruwan asalinsu.

Wani zai ce arziki ne ya kawo duk wannan, ko ba doka ma da an kai nan. Amurka ta isa amsa. Ta fi Faransa dukiya, amma har yau babu dokar tarayya da ta wajabta hutu da albashi, saboda haka miliyoyin masu ƙananan ayyuka ba su da ko kwana ɗaya sai abin da mai gida ya ga dama. Arziki kan ba da hali, rabon kuwa sai an rubuta shi. Ba na kuma cewa doka ta gama komai. A Faransar yau kusan mutum huɗu cikin goma ba sa zuwa ko'ina a shekara, galibi saboda rashin kuɗi, abin da ya sa ƙungiyar agaji ta Secours Populaire ke kwasar dubban yara zuwa bakin teku na yini ɗaya a ƙarshen Agusta, don kada a koma makaranta wani yaro ya rasa abin faɗa idan malama ta tambayi inda kowa ya je.

Labarin ya taɓo mu ta wata fuska mai ɗaci. A bazarar da leburorin Paris ke yankan tikitin rangwame, talakawan Nijar da sauran ƙasashen da Faransa ke mulka suna aikin dole a kan hanyoyi ba tare da an tambayi ra'ayinsu ba. Sai a 1946 dokar da Félix Houphouët-Boigny ya gabatar ta haramta aikin tilas, sai kuma a Disambar 1952, bayan yajin aikin gama-gari a Afirka ta Yamma, aka samu kundin ƙwadago na ƙasashen renon Faransa. Yau dokar Nijar tana ba ma'aikaci kwana 2 da rabi a kan kowane watan aiki. A Najeriya manyan ma'aikatan gwamnati kan samu har kwana 30, amma mafi ƙarancin da dokar ƙwadago ta wajabta wa lebura da ƙaramin akawu bayan wata 12 na aiki shi ne kwana 6. Wannan adadi shi ne wanda Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tsayar a Janeba a 1936, kuma ita da kanta ta ɗaga shi zuwa mako uku tun 1970.

Na san za a ce yawancin mutanenmu manoma ne da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu, ba su da albashi balle hutunsa, kuma dogon hutun makaranta yana faɗowa ne tsakiyar damina lokacin da noma ya fi zafi. Haka ne. Amma akwai maigadi da direban kamfani da ma'aikacin masana'anta da malamar makarantar kuɗi, waɗanda aiki ya raba da garuruwansu, kuma su ne dokar ta yi magana a kansu. Wanda ke aiki a Legas iyayensa na Nguru, kusan rabin kwana shidan a hanya zai ƙare, sauran ba su isa ya gaida dangi ba, balle 'ya'yansa su saba da kowa. Ƙungiyoyin ƙwadago da ke zama da gwamnati kan mafi ƙarancin albashi su sa wannan sashe na dokar a kan tebur, 'yan majalisar tarayya kuma su gyara shi ya kai mako uku.