Yadda masu farautar sankarar jini suka yi kiciɓis da ciwon zuciya

A shekarar 2014, Siddhartha Jaiswal da abokan aikinsa a Boston ta Amurka suka binciki jinin mutum sama da 17,000. Sankarar jini suke nema, ko za a hango ta tun ba ta bayyana ba.

A cikin ɓargo akwai ƙwayoyin da su ne iyayen jini. Idan ɗaya ta sami tangarɗa a DNA ɗinta, wani lokaci 'ya'yanta kan yi ta yaɗuwa har su mamaye wani kaso na jinin. Masu binciken sun ga haka a kusan mutum 1 cikin 10 na waɗanda suka haura shekara 70. Akasarinsu ba su kamu da sankara ba. Abin da ba a yi zato ba shi ne, ciwon jijiyoyin zuciya ya kusa ninka biyu a cikinsu. A 2015 aka raɗa wa lamarin suna CHIP, a 2017 kuma gwaji kan ɓeraye ya nuna dalili: fararen ƙwayoyin jini masu tangarɗar TET2 suna ta fitar da sinadarin kumburi, kitse ya riƙa taruwa a bangon jijiya.

To ina ruwan maganin daji da wannan? Tun shekarun 1970 likitoci sun san doxorubicin na raunana tsokar zuciya, don haka duk mai daji da zuciyarsa ta gaza daga baya, nan ake fara dora laifi. An kuma ɗauka kemo ne ke haddasa tangarɗa a ɓargo. Sai a 2015 wasu masana a St. Louis suka tarar da tangarɗar TP53 a jinin marasa lafiya tun kafin a fara ba su magani. Ashe kemo tacewa yake yi: ya kashe lafiyayyun ƙwayoyi, masu taurin kai su tsira su gaje filin. Ni dai wannan ne ya fi sauya mini tunani a duk labarin.

A 2017 asibitin Memorial Sloan Kettering na New York ya duba masu daji 8,810, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na da irin wannan jini, kuma tangarɗar PPM1D da TP53 ta fi yawa ga waɗanda aka yi wa kemo ko gashi da na'ura. A 2021 ɗakin binciken Kenneth Walsh ya gwada ɓeraye masu ɓargon PPM1D, zuciyarsu ta fi ta sauran saurin gazawa.