Taraktar da ake gyarawa da kunne

A shekara ta 1946 ne aka fara ƙera wata ƙaramar tarakta mai launin toka a birnin Kwabantiri na Ingila, sunanta Ferguson TE20. Kafin a daina yin ta a 1956, an ƙera sama da 500,000. A Amurka kuwa, Ford ya fito da ƙanwarta, 8N, a 1947. Har yau dubbai daga cikinsu suna aiki, kuma aikin da ya rage wa da yawansu shi ne na itace. Idan sanyi ya gabato, manomi zai ja ta bakin kurmi, ya haɗa mata zarto ko na'urar faskare, ta wuni tana ruri wuri ɗaya.

A nan ne take faɗin ciwonta. Tarakta mai tafiya cikin gona ƙarar ƙasa da garma ta kan rufe kukanta, amma wadda take tsaye tana faskare, komai nata a fili yake. Manoman wancan zamani sun san harshen. Idan famfon mai ya riƙa kuka siriri da safe, ko dai man ya yi kauri don sanyi, ko ya ragu har iska ta shiga. Ƙas-ƙas mai sauƙi daga saman inji, bawul ne ke neman saiti, ana iya ƙarasa aikin ranar. Bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa duk sanda gungume ya yi tauri, wannan kam a kashe inji nan take, don ƙarfen cikinsa ne ya ci. Mai shakka kuma sai ya ɗora bakin dogon sukudireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunne, yana bi har ya gano gurbin. Yaro yana gefe yana jera itace, yana ji. Haka ilimin ya riƙa wucewa, ba allo ba alli.

Maƙeran sun yi ta ne da sanin cewa mai ita zai gyara ta da kansa. Ferguson har sufana ɗaya ya haɗa mata, wadda ta dace da yawancin manyan notocinta.

Taraktocin yanzu kwamfuta ke kula da su, kuma sau da yawa sai ma'aikacin kamfani ya zo da na'urarsa kafin a san abin da ya lalace. Rigimar ta kai ga jihar Kwalarado ta yi doka a 2023 da ta ba manomi haƙƙin gyaran kayansa. Ni dai a ganina wannan ja da baya ne, duk da ƙarfin sabbin injinan.

Jikokin waccan mai launin toka, wato jajayen Massey Ferguson, su ne muke gani a Maradi da Tawa. Kuma yaron garejin da muke cewa lakwal ta gagare shi, shi ne ke kara kunne a jikinsu ya ce ga inda ciwon yake.